Bagobiri zai iya rubuta tarihin faɗuwar Alkalawa ba tare da son rai ba?

Ɗan Alkalawa:
Assalamu alaikum 'yan guruf, malamaina da yayyena ina neman shawara. Ina ajin ƙarshe a sashen tarihi kuma furojet ɗina a kan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, ne a 1808, yadda aka yi daular Gobir ta watse. Da na kai wa sufabaiza taken sai ya ce kai da zanen Gobirawa a fuska ta yaya za ka rubuta wannan ba ka sa son rai ba, je ka yi tunani ka dawo. Wlh maganar ta tsaya min, don gaskiya ne in ina karanta yadda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa ina jin wani abu a raina, kuma a lokaci guda ni Musulmi ne ina ganin girman Shehu ƙwarai. To su manyan masana tarihi ya suke yi da irin wannan? Ko in canza take kawai?

Almajirin Shehu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena canza kawai ka huta. Tarihin jihadi a rubuce yake kuma waɗanda suka yi shi da hannunsu su suka rubuta, Sarkin Musulmi Bello ya bar mana Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙati, malamai ne masu tsoron Allah ba za su yi ƙarya ba. Me kuma ya rage da za ka ƙara?

Baba Ticha:
Kar ka canza komai ɗana. Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya kuma na sha jin irin wannan magana, amma a bi ta a hankali mana, in Bagobiri ba zai iya rubuta faɗuwar Alkalawa ba don kakanninsa aka ci, to Basakkwace ma ba zai iya ba don kakanninsa suka ci, Bakatsine da Bakabe da Bazamfare duk abin ya shafe su, sai a bar wa wa kenan? Bature? Ai shi ma da nasa ya zo. Barth, matafiyin nan Bajamushe, da ya shigo Kano a 1851 gwamnatin Ingila ce ta turo tawagarsu, hanyoyin ciniki na cikin abin da aka aiko su dubawa, su Palmer kuwa ma'aikatan mulkin mallaka ne da suka riga suka ƙudurce a ransu cewa duk wata daula ta kirki a ƙasar nan wani baƙo ne daga gabas ko arewa ya zo ya kafa ta. Babu masanin tarihin da ba shi da gari ba shi da dangi. Kowa yana jin abin da kake ji ɗin nan, bambancin masani da maroƙi shi ne masani yana da ƙa'idar da ya ɗaure kansa da ita ko ransa ya so ko ya ƙi.

Ibn Khaldun tun 1377 ya lissafa a Muƙaddimarsa abubuwan da ke sa ƙarya ta kutsa cikin tarihi, kuma na farkon da ya kawo shi ne goyon bayan wani ra'ayi ko mazhaba, wato in rai ya riga ya karkata to da zarar labarin da ya yi masa daɗi ya zo sai ya karɓe ba bincike. Ya kawo yarda da mai ba da labari fiye da kima, ya kawo neman shiga wajen masu mulki ta hanyar yabonsu, ya kawo rashin sanin yadda al'umma take gudana. Har masanin tarihi Mas'udi bai ƙyale ba a kan maganar wai mayaƙan Banu Isra'ila sun kai 600,000, ya sa hankali ya auna ya ga ƙasar ba za ta ɗauki irin wannan runduna ba.

Kai kuma Almajirin Shehu, ba wanda ya ce Bello ya yi ƙarya. Amma Bello yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alkalawa, kuma ya rubuta Infaƙul Maisurin nan a 1812, shekara 4 kacal bayan abin, a lokacin da ake kan musu da Barno a kan halaccin yaƙin. Mutum mai gaskiya ma abin da ya gani daga inda yake tsaye shi zai faɗa. Kowace takarda ana tambayarta wa ya rubuta ki, yaushe, don wa ya karanta, kuma me yake so mai karatun ya yarda da shi.

Almajirin Shehu:
Baba da girmanka, amma wannan ai tsarin Turawa ne na shakkar kowa. Mu an koya mana kyautata zato ga malamai.

Baba Ticha:
Wa ya ƙirƙiro jarhu wat ta'adil, Turawa? Malaman hadisi sukan ajiye ruwayar mutum salihi mai tsayuwar dare saboda haddarsa ba ta da ƙarfi, kuma sukan yi taka-tsantsan da sukar da malami ya yi wa tsaransa in akwai gaba a tsakaninsu. In an bi maganar da aka jingina wa Annabi (SAW) da irin wannan tantancewa, labarin yaƙi tsakanin mutane ne za a ce kar a taɓa?

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nike kuma wanga zance ya taɓa ni. Mu nan labarin da munka tashi da shi daban ne da na littattafanku na Najeriya. Kakanninmu anka fitar daga Katsina a 1807, sunka zo sunka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma sunka zauna Tsibiri nan kusa da mu, kuma ba a bar yaƙi ba shekara da shekaru, ga Gawakuke a 1836 inda Bello ya ci su anka kashe sarakuna. Wurinmu waɗanga mutane ba arna ba ne, Musulmi ne da anka raba da garuruwansu. Amma in ka buɗe littafin makaranta na can sai ka ga kamar daga 1808 Gobir ta ɓace daga duniya, alhali har yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri. Ɗan'uwa ka rubuta, kuma ka taho ka ji namu daga bakin tsofaffi da makaɗan fada.

Maman Hanifa:
Na Maraɗi na yarda ya je, dole ma ya je. Amma fa kar a gudu daga son ran wani a faɗa na wani. Makaɗin fada aikinsa kenan ya ɗaga ubangidansa, ba zai taɓa rera maka inda sarkinsu ya yi zalunci ko ya gudu daga fagen fama ba, kuma labarin baka da ya yi shekara sama da 200 yana yawo ya bi ta bakin mutanen da kowannensu yana da rikicin sarautar zamaninsa, wani gidan a ɗaga shi wani a share shi daga jerin sarakuna. Ni a binciken digirina na biyu tsofaffi na yi ta hira da su, kuma abin da na lura in ka tara su waje guda to maganar wanda ya fi muƙami ita kowa zai maimaita, sai ka ware su ɗaya bayan ɗaya sannan za ka ji saɓani, kuma a cikin saɓanin nan aikin yake. Tambayoyin da Baba ya ce a yi wa littafin Bello su ɗin dai za ka yi wa tsohon Tsibiri, ba ragi. In ka tsananta wa Sakkwato ka sassauta wa Gobir to sufabaizanka ya yi gaskiya kenan.

Na Maraɗi:
Hakanan ne Hajiya, ban ƙi ba. Ni dai a ji kowa.

Ɗan Alkalawa:
Na gode ƙwarai. Ga inda na maƙale, dokokin da aka ce Sarkin Gobir Nafata, wanda Yunfa ya gada, ya kafa, hana wa'azi sai ga Shehu kaɗai, hana rawani da lulluɓi, da cewa wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Duk inda na duba daga ɓangaren jama'ar Shehu labarin ya fito. Haka haɗuwar Shehu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami. Ban ga takarda ko ɗaya daga fadar Gobir da ta ce ga dalilinmu ba. To in ce ƙage ne?

Baba Ticha:
A'a, nan ne son rai yake shigowa ta bayan gida. Don labari ya zo daga ɓangare ɗaya ba shi ke nuna ƙage ne ba. Ka rubuta ƙarara cewa wannan daga majiyar jama'a ya zo kuma ba mu da na fadar Alkalawa, sannan ka auna shi da yanayin lokacin, shin sarkin da yake ganin talakawansa da bayinsa suna tururuwa zuwa Degel, garin Shehu, suna zama wata al'umma da ba ta ƙarƙashin ikonsa zai iya kafa irin wannan doka? Zai iya mana, ya dace da hankali. Kana iya cewa mai yiwuwa tsoron rasa mulki da haraji ne ya tura shi, amma ka sa "mai yiwuwa" ɗin, kar ka sa wa Nafata magana a baki don kana jin tausayinsa. Inda hujja ta tsaya kai ma ka tsaya, ka gaya wa mai karatu nan ta tsaya.

Ɗan Yerwa:
Bari in shigo da namu. Wanda yake son jin muryar ɗaya ɓangaren a rubuce ya karanta wasiƙun Shehu Laminu Alkanemi, kuma abin mamaki a cikin Infaƙul Maisurin ma suke. Bayan an ci Birnin Ngazargamu a 1808 ya rubuta yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da suke sallah suna azumi suna ba da zakka suna gina masallatai, ya ce yanka a wasu wurare da fitar mata ba lulluɓi da cin hanci da zaluncin masu mulki duk saɓo ne amma saɓo ba ya kafirta mutum, kuma babu ƙasar Musulmi da ba a yinsu har Masar. Bello ya mayar masa cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi kuma akwai ayyukan da sun wuce saɓo sun kai shirka. Malamai biyu, duk Malikawa, kowa da hujjarsa. To wa zai ce maganar a rufe take?

Almajirin Shehu:
To ka gani! Wannan ai shaida ce ta adalcin Bello, da mai son rai ne da bai saka wasiƙar abokin hamayyarsa a littafinsa ba.

Baba Ticha:
Wannan gaskiya ne kuma ya cancanci yabo a kai, masu nasara kaɗan ne a duniya suka yi haka. Ya sake yin irinsa a Sardul Kalami inda ya kawo koke-koken Abdussalami, malamin nan Ba'are da rikicin Gimbana, wato harin da Gobir ta kai garinsu, ya faro a kan mutanensa, wanda daga baya ya yi tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817 aka kashe shi a farkon 1818. Ya kawo ƙorafinsa a kan zaluncin wasu masu riƙe da muƙamai da kuma rabon ƙasa. Amma ka lura, Bello ne ya zaɓi abin da zai kawo, shi ya jera, kuma shi ke da maganar ƙarshe. Mai bincike zai gode masa sannan ya tuna da wannan.

Kuma tunda ka ambaci Tazyinul Waraƙati, ka karanta shi har ƙarshe? Malam Abdullahi da kansa wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas don abin da ya gani ya dame shi, mutanen Kano suka tsayar da shi har ya rubuta musu Diya'ul Hukkami sannan ya koma. A waƙarsa ya soki waɗanda burinsu ya koma mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakai. Ƙanin Shehu ne fa, uwa ɗaya ko ba ɗaya ba jininsa ne kuma wazirinsa. Su da kansu ba su ɗauki tafiyar a matsayin abin da ba a suka ba, mu ne na baya muka fi su zafi.

Jan Alƙalami:
Ni duk wannan dogon turancin bai gamsar da ni ba. Babu wani abu wai shi rashin son rai a tarihi, yaudara ce kawai ta 'yan boko. Mai mulki ke rubuta tarihi, Sakkwato ta rubuta nata, Lugard ya rubuta nasa, to kai ma Bagobiri rubuta naka ka kare kakanninka iya ƙarfinka, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wani farfesan Oxford, Trevor-Roper, a 1963 ya ce Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shigo ta, kuma a lokacin shi ake kira ƙwararre mai bin ƙa'ida. Ina ƙa'idar ta kai shi?

Maman Hanifa:
To Malam da me aka ƙaryata shi? Da zagi? Da hujja aka ƙaryata shi. Kenneth Dike ya riga ya fitar da aikinsa a kan yankin Neja Delta tun 1956, su Abdullahi Smith suka bi gari gari suna tattara rubuce-rubucen Larabci, Murray Last ya zauna a ɗakin karatun Waziri Junaidu a Sakkwato ya fitar da littafinsa a 1967 daga takardun daular kanta. In da kowa nasa kawai yake rubutawa babu ma'auni, da maganar Trevor-Roper da ta Dike sun zama daidai kenan, kowa da ra'ayinsa. Ba daidai suke ba, ɗaya an kawo takardu an rushe ta.

Baba Ticha:
Ƙara masa da wasiƙar Lugard. Lugard ya ce a 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa da wasiƙa cewa babu komai tsakaninmu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja a London, aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Shekaru ana maimaita wannan a littattafai. Wanda ya tsaya ya ce ina asalin wasiƙar ta Larabci, fassarar Turanci kawai muke gani, shi ne Muffett a 1964, kuma shi tsohon jami'in mulkin mallakar ne da kansa, Bature irin Lugard. In da kare nasa ya zo yi da ya yi shiru. Ba a ce ya tabbatar ƙage ce ba, masana sun yi ta ja-in-ja a kai, amma daga ranar babu mai kawo wasiƙar nan ba tare da ya ambaci shakkar da ke kanta ba. Wannan shi ne amfanin ƙa'idar, tana ba wani dama ya bi sawunka ya kama ka.

Jan Alƙalami:
Su ma waɗanda kuke yabon ai da nasu son ran. Zamanin neman 'yanci ne, kowa so yake ya nuna muna da dauloli masu tsari kafin Bature, shi ya sa suka cika mu da sarakuna da wazirai. Littafin da aka rubuta daga ɗakin karatun Waziri ai idon fadar Sakkwato zai ɗauka.

Maman Hanifa:
A nan kam muna tare, kuma ni abin da ya fi ci min rai kenan. Ina bayi a tarihin da aka koya mana? Daular nan cike take da rumada da gandaye da bayi ke nomawa, hare-haren kamun bayi ba su tsaya ba har Turawa suka zo, kuma su Turawan ma da suka yi ta ihun sun zo hana bauta sai 1936 suka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Mu mun yi shiru don kunya, su sun kambama don su halatta mamaya, kowa da dalilinsa. Ina mata? Ba don Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 zuwa 1950 ta rubuta labarinta ba, da ba mu ji daga bakin mace yadda ake sace mutane a je a fanso su ba, da yadda zaman rinji yake, kuma ita ɗin 'yar gidan masu bayi ce, baiwar kanta ba mu ji ta ba. Amma ka duba Malam, yadda aka gyara wannan giɓin, wasu masana ne suka zo daga baya suka koma kan takardun kotu da na haraji a gidan adana takardu na Kaduna suka fito da abin da na farko suka tsallake. Ba cewa aka yi tunda kowa na da son rai a watsar da aikin ba.

Ɗan Alkalawa, Gobir tana da sarautar Inna, mace mai faɗa a ji a fada. In ka je hira kar ka tsaya a zaure, ka nemi a kai ka wajen tsofaffin mata ko ka tafi da 'yar'uwarka ta shiga maka.

Almajirin Shehu:
Wannan fa shi nake gudu. An fara da Alkalawa yanzu an koma ana cewa daular Musulunci ta bayi ce. Gobe yaro ya karanta ya raina Mujaddadi, wa zai ɗau alhaki? Wasu abubuwan barinsu ya fi alheri.

Admin:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci don Allah, ba a zagi kowa ba zuwa yanzu kuma kar a fara.

Maman Hanifa:
Malam yaron nan zai ji ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba, waya tana hannunsa. Gara ya ji daga wanda zai kawo masa abin da yanayin zamanin da hujjojin kowa, da ya ji daga wanda ya tsani Shehun tun asali. Ranar da ya gano an ɓoye masa abu ɗaya, sauran gaskiyar da aka gaya masa ma zai daina yarda da ita. Ni ina son Nana Asma'u har raina, tsarin 'Yan Taru da ta kafa na koyar da matan karkara abin alfahari ne, kuma sanin cewa a zamaninta akwai matan da aka kamo a yaƙi bai rage min ita ba.

Baba Ticha:
Ɗana ga wanda ya kamata ka karanta kafin ka koma wajen sufabaiza, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Jikan Sarkin Katsina Dikko ne, ɗan gidan sarauta, kuma a kan Katsina ya yi bincikensa da ya fito a 1981, ba wanda ya ce masa kai ɗan gida ne ka bari. Abin da ya yi shi ne ya ƙi karɓar rabon da Turawa suka yi na cewa yaƙin Fulani da Hausawa ne kawai, ya bi gari gari da gida gida yana duba su wa suka bi wane ɓangare kuma me ya sa, sannan ya zauna ya tantance shi kansa Barth, a wane gida ya sauka, wa ya ba shi labari, me ya iya gani me bai iya gani ba. Kuma shi ma ana sukarsa cewa aƙidarsa ta 'yan gurguzu ta sa yana rage nauyin ƙabila da addini, ka karanta masu sukar su ma. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don in ka shiga da tunanin Fulani sun ci Gobirawa to ka riga ka rubuta ƙarshen kafin ka fara. A Tabkin Kwatto a 1804 rundunar Yunfa akwai Buzaye akwai ma Fulani a ciki, jama'ar Shehu kuma akwai Hausawa, Abdussalami ba Bafulatani ba ne, Yakubun Bauchi ma haka.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara, kafin ka fara ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ranka yake so ya zama gaskiya, misali Yunfa an zalunce shi ne, ko Gobirawa cin amana aka yi musu ba ƙarfi aka fi su ba. Ka ajiye ta kusa. Duk hujjar da ta zo ta goyi bayan abin da ke takardar nan ita za ka fi tsananta wa bincike, don ita ce za ta wuce ka ba ka ankara ba. In ka gama babi ka ba Basakkwacen da ya san fannin ya karanta, ka ce ya nuna maka inda ka yi wa nasa rashin adalci. Kuma a gabatarwa ka faɗi ko kai wane ne.

Maman Hanifa:
Baba na ƙarshen nan ina da ja kaɗan. Na ga masu rubuta ni ɗan wuri kaza ne a gabatarwa sannan su ɗauka sun sami lasisin yin son rai a sauran shafukan. Ya faɗa ɗin, amma mai karatu a cikin babi zai gane ko ya yi adalci, musamman inda ya kawo hujjar da ta yi wa nasa ɓangaren ciwo.

Bazamfare:
Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, amma tunda Hajiya ta ce hujjar da ke ciwo to ga ta. Ɗan'uwa Alkalawar da kake jimami a ƙasar wa aka gina ta? Ƙasar Zamfara ce. Gobirawa baƙi suka zo aka ba su wurin zama, da suka yi ƙarfi sarkinsu Babari ya juya ya ci Birnin Zamfara wajen shekarun 1760 ya watsa mu, ya kafa Alkalawa ta zama babban birninsu. Abin da aka yi muku a 1808 kun yi mana shi shekara arba'in da wani abu kafin nan. Shi ya sa da jihadi ya tashi Zamfarawa da yawa suka bi jama'a, ba duka don wa'azi ba, akwai tsohon ciwo. Kuma don kar Almajirin Shehu ya ji daɗi da yawa, da yunwa ta sa rundunar jama'a ta riƙa kwasar abincin garuruwanmu a 1805 sai da yawa suka juya mata baya. In furojet ɗinka ya fara daga 1804 to ka yanke mu kenan, Gobir ta fito a wanda aka zalunta kawai.

Na Maraɗi:
Wanga kam makaɗan Tsibiri ba su rera shi haka.

Ɗan Alkalawa:
Yaya Bazamfare wannan zai shiga, babi na biyu daga Babari zan faro. Kuma ina ganin tambayar da zan koma wa sufabaiza da ita ita ce me ya sa aka kewaye Alkalawa a ƙarshen 1804 ba ta ciwu ba har jama'a suka yi babbar asara a Tsuntsuwa, amma a 1808 ta faɗi. Birnin Kebbi ta tafi a 1805, Katsina da Kano a 1807, kenan ƙawayen da za su kawo ɗauki sun ƙare, sai in duba Buzaye da Zamfarawa ina kowa ya tsaya a tsakanin shekarun nan. A ina zan samu ɓangaren Zamfara?

Bazamfare:
Ka fara da Anka, can gidan sarautar Zamfara ya koma, amma ka bincika lafiyar hanya sosai kafin ka tashi, in ba ta yiwu ba akwai tsofaffinmu da yawa a Gusau da za a haɗa ka da su. Ka leƙa Arewa House a Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ka duba abin da aka riga aka tattara kafin ka je hira, don ka san me za ka tambaya. Kuma mu ma ka yi mana tambayoyin nan na Baba, don in ka bar mu za mu ce maka Zamfara ba ta taɓa cin garin kowa ba.

Na Maraɗi:
Na Yamai ma kar ka manta, cibiyoyin binciken tarihi da al'adu na CELHTO da IRSH suna da hirarrakin da anka ɗauka tun tsofaffin da sunka fi na yanzu kusa da abin suna raye. In ka shirya tahowa Tsibiri ka yi mini magana ta inbos in haɗa ka da wanda zai kai ka gidajen da ba na fada ba.